Abin da Na Yi wa Hannun Baffanku Haruna

Maryam, Abdullahi, Sumayya, da kai Yasir auta, abin da kuka sani game da barin Baffanku Haruna garin Jidda shi ne abin da na bari kuka sani. Kun taso kuna jin cewa ya nemi aikin koyar da harbi a nadin da nake aiki, ranar jarrabawa tsoron bindiga ya kama shi, ya faɗi, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, ya koma Sudan. Duk wannan ya faru. Abin da ban faɗa ba shi ne wanda ya sa masa tsoron. Ni ne. Karatuna bai yi nisa ba, ban iya ƙawata magana ba, don haka zan faɗa muku yadda abin ya kasance.

Kun san daga Gadarif ta ƙasar Sudan na zo. Na yi dako a unguwar kamfanonin Jidda da ake kira Madinar Masana'antu, na tsare wa wani rumfar yadi a kasuwar Bab Makka, kafin Allah ya kai ni nadin harbi, wato wurin da mutane ke biya su shiga wani dogon ɗaki mai sanyi, su toshe kunne, su harbi takarda. Da tsintsiya na fara, ina share kwanson harsashi. Daga nan aka ba ni goge bindigogi, daga baya aka damƙa mini makullin ɗakin ajiya. Shekara tara ina wannan. A cikinsu na san kowane musaddas, wato ƙaramar bindigar hannu, ta wajen dukan da yake yi wa mai riƙe da shi idan ya tashi, abin da muke kira rafsa a wurin aiki. Da lambar girman harsashinsu ake kiransu. Ashirin da biyu ba ta da rafsa, kamar yaro ya taɓa maka tafin hannu ne. Tara tana da zafin rai, mari take yi mai sauri, bakin bindiga ya ɗaga ya dawo. Arba'in da biyar mutane na tsoronta saboda girman suna, alhali turi take yi a hankali, kamar ƙaton mutum ya bangaje ka da kafaɗa a cunkoson Bab Makka. Talatin da takwas a cikin bindiga mai nauyin ƙarfe kuwa, ko tsohuwa za ta wuni tana harbawa. Sannan akwai magnam. Idan aka sa ta a gajeriyar bindiga marar nauyi, kamar ka ɗauki sanda ka maka wa turken ƙarfe ne da duk ƙarfinka: zafin ya shiga tsakanin babban yatsa da manuni, ya bi ƙashi har gwiwar hannu, wuta ta fito, ƙarar ta daki haƙoranka. Duk na san wannan. Abin da ban samu ba shi ne hannu. Harbina bai taɓa wuce na matsakaici ba, kuma na san haka, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Mai koyarwa a nadin shi ne Kabtin Abu Faisal, tsohon soja, haifaffen Jidda, wanda kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Jar riga yake sawa, alamar mai koyarwa, mu sauran ma'aikata toka-toka. Kullum da hantsi ni nake haɗa masa shayi da na'ana'a. A shekarar da nake ba ku labari mutane suka yi yawa, har mata da iyalai suka fara zuwa, mai nadi ya ce za a ƙara jar riga ɗaya. Ban tambayi kowa ba, a zuciyata na riga na sa ta. Har na gwada ta Kabtin sau ɗaya a ɗakin ajiya, na tsaya gaban gilashin kabad ina kallon kaina.

A daidai lokacin nan ne kamfanin da Haruna ke tuƙa motar ɗaga kaya a Madinar Masana'antu ya rufe. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, na girme shi da shekara goma sha ɗaya, ni na goya shi. Kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ba shi wata uku: ko ya sami wanda zai karɓi iƙamarsa, ko a buga masa fita ta ƙarshe. Matarsa Hauwa da 'ya'yansa uku suna Gadarif suna jiran abin da zai aiko. Ya dawo gidanmu na unguwar Safa yana kwana a falo, kun tuna. Ni da kaina na kai shi nadi, na roƙa a bar shi ya riƙa shara kafin wani abu ya samu. Wallahi a ranar da niyyar alheri na kai shi.

Sati biyu da zuwansa Kabtin ya gan shi ya ɗauko kofin shayi cike fal, ya sauko da shi matakala a guje, ko ɗigo bai zuba ba. Ya kira shi, ya nuna masa yadda ake tsayuwa da riƙo, ya ba shi ashirin da biyu da harsashi goma. Ina tsaye a baya da tsumma a hannu. Da aka jawo takardar, ramukan goma sun haɗe wuri ɗaya, murfin kwalba zai rufe su. Kabtin ya daɗe yana kallo.

"Ka taɓa riƙe bindiga?" ya tambaye shi da Larabci.

"Ko danƙon harbin tsuntsu Yaya ba ya bari in taɓa," in ji Haruna, yana dariya yana kallona.

Kabtin ya juyo gare ni. "Ya Usman, wannan kuke ɓoyewa a gida kuna ba shi tsintsiya?"

Na yi dariya tare da su. Sannan na koma goge bindigogina.

Daga ranar Kabtin ya ɗauke shi. Yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: sabon hannu ba a ba shi babbar bindiga. Yakan ce hannu yana da nasa tunanin daban da na kai, idan ya sha duka tun bai ƙware ba, zai riƙa zabura kafin harsashi ya fita, ya danna baki ƙasa don ya tare dukan da bai zo ba tukuna, kuma mai hannun ba zai san yana yi ba. Shigar wannan zabura minti biyar ce, fitarta wata biyu. Saboda haka ya riƙe Haruna a kan ashirin da biyu sati huɗu cur, sannan ya ɗaga shi zuwa talatin da takwas a bindiga mai nauyi, sannan tara. Ni nake fito da harsasan, ni nake goge bindigar bayan sun gama. Wani lokaci Kabtin yakan kira baƙi su zo su ga yadda Haruna ke jan kunama, yatsa kaɗai ke motsi, ido a buɗe. Shekara tara ina wurin, bai taɓa kiran kowa ya kalle ni ba.

A gida ma haka. Ranar da Haruna ya zo da takardarsa ta farko ta tara, kai Abdullahi ka fizge ta ka manna a jikin firji. Kuna ta sa yatsa a ramin.

"Baba, kai ina taka?" Sumayya ce ta tambaya, tana da shekara tara a lokacin.

"Babanku shi ne mai makulli," in ji mahaifiyarku, tana zuba shinkafa. "Ba don shi ba wa zai ba Baffa bindigar? Abu Maryam, ka ga ikon Allah, kai ka kawo shi shara, ga shi zai zama kabtin."

Ba da mugunta ta faɗa ba, murna take yi. Inna kakarku ma ta aiko saƙon murya daga Gadarif, aka kunna a falo kowa na ji, tana cewa ita dama ta san Haruna tun yana jariri hannunsa ba ya rawa, Allah ya yi wa Usman albarka da ya riƙe ƙaninsa. Albarka ta sa mini, amma ni abin da na ji shi ne: Usman mai riƙewa ne, Haruna ne mai baiwa. Duk sanda zan buɗe firji in sha ruwa sai na haɗa ido da takardar nan. Na fara shan ruwan famfo.

Mai nadi ya sa ranar jarrabawa, ya ce mu biyu za a gwada, ni da Haruna, wanda ya fi shi ne da riga, kuma idan Haruna ne, za a karɓi iƙamarsa. Ku lura da wannan da kyau, don kada wani ya nema mini uzuri: ni idan na faɗi, makullina na nan, albashina na nan. Shi idan ya faɗi, jirgi zai hau. Na san haka kamar yadda na san sunana.

Saura kwana goma, Kabtin ya tafi Madina ganin 'yarsa na kwana uku. Bayan azahar nadi ba kowa sai mu. Akwai irin musaddas da ake kira abu mahala, mai gida shida da ke juyawa. Wanda aka ƙera don magnam yana cin talatin da takwas ma, domin kaurinsu ɗaya, magnam ta ɗan fi tsawo ne kawai, idan an rufe gidan ba mai ganewa. Muna da guda ɗaya gajere, marar nauyi, wanda ko ƙwararru ba sa son sa masa magnam. Na ɗauko shi. Na sa talatin da takwas a gida biyu na farko, na uku na sa magnam, na huɗu ƙarama, biyun ƙarshe magnam. Na rufe gidan. Na kira shi.

"Zo in ƙara maka horo kafin Kabtin ya dawo. Talatin da takwas ce, wadda ka saba. Amma kada ka gaya masa, an hana horo ba shi, korata za a yi."

"Haba Yaya, ni zan sa a kore ka?"

Ya tsaya, ya riƙe ta da sassauci irin na wanda bai taɓa shan duka ba. Na farko tsakiya. Na biyu a kansa. Na uku ya tashi, bindigar ta yi sama har ta kusa goshinsa, fatar tsakanin yatsunsa ta tsage. Ya ajiye ta a kan tebur yana yarfe hannu, ya ɗaga abin toshe kunne.

"Wannan fa? Yaya, ni ne ko bindigar ce?"

"Kai ne," na ce. "Ka saki riƙo. Harsashi dama wani ya fi wani cika, ranar jarrabawa ma haka za ka samu. Yalla, ƙarasa."

Ya ƙarasa. Kwana uku muna haka, kullum ina canza wurin da nake sa manyan don kada jikinsa ya san lokacin da dukan zai zo. Ni nake buɗe gidan in juye kwanson a aljihuna. A rana ta uku na tsaya a gefensa ina kallon idonsa, na ga yana rufewa kafin ƙara ta fito, bakin bindiga yana sunkuyawa. Na san aiki ya yi. Abin da na ji a lokacin, Allah ya yafe mini, sanyi ne a ƙirji. Da muka fito har na saya masa ruwan mangwaro a hanya, yana ta yi mini godiya.

Kabtin ya dawo da mura, bai koma kan horo ba sai ana gobe jarrabawa, ya ce Haruna ya huta kawai, hannunsa a shirye yake. Ranar, ni na fara. Na yi irin nawa, ba yabo ba fallasa, duk goma suna cikin baƙin da'irar takardar amma a warwatse. Haruna ya karɓi tara. Na farko ya faɗi ƙasa ta hagu. Na biyu ƙasa da shi. Na biyar ko takardar bai taɓa ba. Gumi ya jiƙa masa riga a cikin sanyin nan. Kabtin ya ce ya dakata, ya karɓi bindigar ya juya baya kamar yana dubawa, ya zare harsashin, ya miƙa masa ita ba komai a ciki. Haruna ya ja kunama. Ba ƙara, sai ɗan ƙyas, amma bakin bindigar ya dunguri ƙasa kamar an buge shi, idonsa a rufe gam. Kowa ya gani.

"Wa ya ba ka magnam?" in ji Kabtin.

"Ban taɓa harba magnam ba, Kabtin. Wallahi."

Gaskiyarsa ya rantse a kai, don bai sani ba. Kabtin ya kama hannunsa ya juya, ya ga tabon. Sai ya tako har inda nake, ya tsaya dab da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa. A shekara tara, ran nan kaɗai na ji Hausa a bakinsa, Hausa mai nauyi irin ta kakanni.

"Usmanu. Makulli a hannun wa yake?"

"A hannuna, Kabtin. Ban san komai ba."

Ya roƙi mai nadi a ba shi wata biyu ya gyara hannun. Mai nadi ya ce shi ba zai ɗauki nauyin iƙamar mutumin da ke rufe ido ba, wa ya sani ko haka halinsa yake, halas, magana ta ƙare. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Da na ce ni na yi, da an san ba halinsa ba ne, da an jira shi, ni kuma a karɓe makulli. Na dubi takalmina har aka gama magana.

Bayan sati uku na kai shi filin jirgi. Ya bar wa Abdullahi takalminsa na ƙwallo. A bakin ƙofa ya rungume ni ya ce, "Ka yi iya ƙoƙarinka, Yaya, har horo ka ƙara mini a ɓoye. Ni ne ban da zuciya." Na ce masa haka Allah ya ƙaddara. Da sunan Allah na rufe abin da na yi da hannuna.

Na sa jar riga. Kabtin bai hana ba, bai kuma tona ni ba, don ba shi da shaida. Washegari na kai masa shayi, ya ce in ajiye. Shayin ya huce a wurin. Na sake kaiwa kwana uku, sannan na daina. Mun yi shekara huɗu muna aiki kafaɗa da kafaɗa, bai sake shan abin da na haɗa ba har ya bar aiki. Abin da zai ba ku mamaki, na yi suna a nadin wajen gyara masu zabura. Duk wanda abokansa suka ba shi babbar bindiga don su yi masa dariya, wurina ake turo shi. In mayar da shi kan ashirin da biyu, in riƙa cakuɗa masa harsashin roba da na gaske har ya ga zaburar da idonsa, in zauna da shi sati bayan sati har ta fita. Na gyara baƙin da ban san sunan ubansu ba. Makarantar da kuka yi da motar da na saya duk daga rigar nan suka fito. Shi kuma Haruna ya koma noman riɗi a gonar wani. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu, sauran 'yan'uwan da ke da iƙama suka kwaso iyalansu, shi ba shi da inda zai kai nasa. Babban ɗansa Bashir ya bar makaranta. Ina aika abin da ya samu, ana ta sa mini albarka, ina karɓa.

Bara ciwon sukari ya sa hannuna ya fara rawa. Wata rana harbina ya watse, na ce saitin bindigar ne ya goce. Wani sabon mai koyarwa ya karɓa ya harba biyar a tsakiya, ya miƙo mini cikin ladabi, yana kirana Ammu, wato baffa da Larabci, ya ce, "Bindigar lafiya take, Ammu. Hannunka ne." Shi gaskiya ya faɗa mini. Duk da haka na kwana uku abinci ba ya shiga. Na ajiye rigar a watan.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kira Haruna. Sai da na kira sau huɗu layin ya shiga. Na faɗa masa duka, gida na uku da na biyar da na shida, da kwanson da nake zubawa a aljihu. Ina jin kukan awaki a bayansa. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ba ko ɗaya da ya zo.

"Wato hannuna lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ba tsoro ba ne da ni?"

"Ko Kabtin aka yi wa abin da na yi maka a watansa na biyu, sai ya rufe ido."

"To da ba ka yi ba, da na ci?"

Ku ji halin ubanku. Bayan shekara bakwai, bayan na riga na faɗi mafi muni, wannan tambaya ce ta tsaya mini. Na ji bakina yana neman ya ce wataƙila, ya ce ai jarrabawa sa'a ce. Hassadar tana nan inda na bar ta, ba ta tsufa ba. Na dafe bango.

"Da ka ci," na ce. "Ka fi ni nesa ba kusa ba. Ban taɓa ganin hannu irin naka ba, kafin kai da bayanka."

Sai na ji ya ɗaga murya yana kira. "Hauwa! Hauwa, bar wankin nan ki zo. Ina Bashir? Ku zo ku ji abin da Yaya ke faɗa." Ya buɗe lasifikar wayar ya ce in maimaita, tun daga farko, kada in rage komai. Na maimaita wa matarsa. Bashir ya iso a makare, na sake maimaitawa. Yaron nan da ya girma ana yi masa gori cewa ubansa ya gudo daga Jidda saboda ƙarar bindiga, ko gaishe ni bai yi ba.

Da suka watse na ce, "Haruna, maganar yafiya fa?"

"Wannan sai na yi tunani, Yaya," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Kai ma ai ka ɗauki lokacinka."

Wata takwas ke nan. Yana kira duk Juma'a, ya tambayi jikina, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da suna. Bai ɗauko maganar ba, ni kuma ba ni da bakin tuna masa. Kada ɗayanku ya kira shi ya roƙa mini. Haƙƙinsa ne, ya riƙe shi iya yadda yake so.